Karatu a kai, babu takarda a hannu

Jiya na saurari laccar wata masaniyar zamantakewar al'umma da ta daɗe tana bin diddigin 'yan gudun hijira a jami'o'i. Na shiga da zaton kuɗin makaranta ne babbar matsalarsu. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Takardu ne, jama'a. Wanda bam ya tasa cikin dare ai ba zai tsaya laluben satifiket ba. Sai ka ga mutum ya yi shekara uku yana karatun likita, ya isa wata ƙasa a ce ya kawo shaida daga jami'ar da ta zama kufai. Tun 1997 Yarjejeniyar Lisbon, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla kan amincewa da shaidar karatu, ta ce a auna ilimin irin waɗannan mutane ko da babu takarda, amma sai a 2017 aka fara gwada wani fasfon shaidar karatu a Girka, inda ƙwararru ke zama da mutum su yi masa tambayoyi. Shekara 20 fa!

Alƙaluman UNHCR, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun ɗan sanyaya mini rai: a 2019 kashi 1 cikin 100 na matasan 'yan gudun hijira ne ke manyan makarantu, zuwa 2023 sun kai kashi 7, ana kuma fatan kashi 15 a 2030. Jamus ma tun 1992 take ɗaukar nauyin wasu ta wani shirin tallafin karatu mai suna DAFI.

Ina tashi daga laccar na zaro takarduna daga ƙasan akwati, na ɗauki hoton kowacce, na tura wa kaina ta imel.