Shafi na biyu da Oga ya cire

Tunda labari ya bazu cewa na bar kamfanin, gara abokan aiki su ji daga bakina. Ba korata aka yi ba, kuma ba maganar albashi ba ce. Rigimata da Oga a kan takarda ce, wadda nake karanta wa iyayen masu sikila kafin su biya kamfaninmu kuɗin tafiya Indiya don a yi wa 'ya'yansu dashen ɓargo.

Ni ban taɓa cewa dashen ɓargo ƙarya ba ne. Tun 1984 aka ga yana warkar da sikila, bayan an yi wa wata yarinya a Amurka dashe saboda sankarar jini, sai sikilar ma ta tafi. A nan gida asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya fara yi a 2011. Idan yaro ƙarami ne, aka samu ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsu ya dace, sama da kashi 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon. Da idona na ga yaron da kowace damina sai an kwantar da shi ya dawo yana buga ƙwallo a layinsu. Wannan duk yana shafi na farko, kuma Oga yana son sa.

Shafi na biyu ne ba ya ƙauna. Kafin a zuba sabbin ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin ɓargo masu samar da jini, sai an kashe ɓargon yaron da magani mai zafi irin busulfan. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har haɗiyar yawu ta gagara, a yi makonni ba garkuwar jiki, ƙaramin zazzaɓi ya isa ya tafi da rai. Maganin kan taɓa haihuwa, musamman ga 'ya mace. Wani lokaci kuma sabon ɓargon ne ke juyowa ya yaƙi jikin da aka dasa shi, fata ta saɓule, gudawa ta ƙi tsayawa, ido ya yi ɗorawa. Ga shi dacewar ɗan'uwa 1 cikin 4 ce kawai, in aka koma kan uwa ko uba haɗarin ya ƙaru.

Wata Hajiya ta ji maganar haihuwa, ta kalli 'yarta, ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ce sai ta yi shawara da maigida. Ko ƙofa ba ta kai ba Oga ya fito. "Sista, kina kore mana mutane. Likitocin can za su yi musu bayani." Na ce, "Yallaɓai, can ɗin an riga an sayar da fili, an sauka Delhi, ana magana ta bakin tafinta. Wa zai ce ya fasa?" Washegari aka cire shafin, ni kuma aka mayar da ni teburin biza, da shaidar aikin jinyata da komai.

Na daure da wannan. Abin da ya ƙure ni shi ne da ya ɗauko tallan allurar ƙwayoyin tushe ga masu shanyewar ɓarin jiki, masu ciwon suga, har da yara masu galahanga. Babu ko ɗaya a cikinsu da bincike ya tabbatar allurar tana warkarwa, ana dai raɓewa ne da sunan dashen ɓargo. Na kawo masa labarin tsofaffin mata 3 a Florida da ganinsu ya lalace a 2015 bayan an yi musu irin wannan allura a ido, da na Paolo Macchiarini, likitan tiyata na cibiyar Karolinska ta Suwidin, wanda yawancin waɗanda ya dasa wa maƙogwaron roba mai ƙwayoyin tushe suka mutu, kotun Suwidin ta yanke masa ɗauri a 2023. Amsar Oga ita ce, "Ke likita ce?"

Ga waɗanda suka rage a ofishin: duk umarnin da aka ba ku da baki, ku ce a rubuta. In iyaye sun tambayi Casgevy, maganin gyaran ƙwayar halitta da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023, ku faɗa musu kuɗinsa ya kai dala miliyan 2.2, kuma shi ma sai an bi ta busulfan. A kuma riƙa tambayar wa zai ci gaba da duba yaro bayan ya dawo, don ba mai tambaya.

Na ji an ba ƙanwar matar Oga kujerata. Allah Ya ba ta sa'a. Shafi na biyu yana nan a kwamfutar teburin gaba, in ba a goge shi ba.