Zogalen ne ko ranar ce?

'Yan uwa, saura ƙiris kwanakin baya in zo in yi muku shelar cewa ruwan zogale yana ƙara wa tumatir tsayi. Allah Ya rufa min asiri, ƙanena ya riga ni magana.

Tukwane 12 na dasa. Shida ina fesa musu ruwan ganyen zogale, shida kuma na kwatanci, ruwa zalla. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, gwangwanin ban ruwa ɗaya. Sai dai don kada in rikice, na jera na zogalen duk a gefen da rana ke faɗawa tun safe. Yaron ya tsaya ya dube su, ya ce, "Yaya, ai waɗancan a inuwar mangwaro suke." Wallahi sai da na ji kamar in nutse. Na haɗa zogale da rana a wuri guda, kuma babu awon da zai raba min aikin wannan da na wancan. Wata guda ya tafi a banza, ga naira 4,000 na sabon iri da taki, wadda har yanzu take min ciwo.

A zagaye na biyu na so in zuba lambobi a hula in yi ƙuri'a kawai, amma tsakar gidanmu rana ba ta raba shi daidai, ƙuri'ar ma tana iya tura yawancin na zogalen gefe ɗaya. Sai na jera su biyu-biyu, kowanne kafaɗa da kafaɗa da ɗan uwansa, a kowane biyun aka jefa kwabo don a zaɓi wanda za a fesa wa zogale. Irin dabarar da masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya kafa ke nan a gonar bincike ta Rothamsted a Ingila, wajen shekarun 1920: ka fara haɗa masu kama da juna, sannan ƙuri'a ta yi rabo. Ƙanena ke fesawa, ya ɓoye alama a gindin tukunya, ni nawa awo ne da rula, domin na san idona yana son zogale ya ci.

Jiya muka juya tukwanen. Cikin rukuni shida na biyu-biyu, zogale ya ci a huɗu, ya sha kaye a biyu. Da ya cinye shidan duka da na yi baki, don sa'a kaɗai sau 1 cikin 64 take kawo haka. Huɗu da biyu kuwa, kwabo ma yana yi. Na aika a nemo min ƙarin tukwane 12.