Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Aka Ce Inna Ce

A makon jiya na tsaya a inda masaƙar da nake aiki a Kakuri ta sallame mu a 2007, na dawo gida da takarda ɗaya a aljihu da alkawarin haƙƙin da ba a sa wa rana ba. Yau zan shiga babin da na daɗe ina kewaye shi. Sai da na nemi izinin uwargida kafin na ɗauki biro, don ita ma abin ya taɓa ta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Rubuta, Baban yara. Wataƙila akwai wanda yake cikin irinsa yanzu."

Ɗanmu na biyu yana da shekara uku a lokacin. Tun yana wata takwas yatsun hannunsa da na ƙafa kan kumbura, ya kwana yana kuka, ko taɓa shi aka yi sai ya ƙwalla ƙara. In hunturu ya shigo abin ya fi tsanani, idanunsa su koma rawaya. Mun sha maganin kemis, mun sha jiƙo, mun shafa abin da aka ce mu shafa. Ga rashin aiki, ga kuɗin haya, ga yaro ba lafiya. Duk wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

A cocinmu akwai ƙungiyar Karismatik da ke taruwa ranar Laraba da yamma, kuma ba ni da abin da zan faɗa a kanta sai alheri. Tafiya ce da ta faro a 1967 tsakanin ɗaliban Katolika a wata jami'a a Amurka, Ikilisiya ta karɓe ta, kuma na ga mutanen da ta gyara musu rayuwa. Sai dai wani daga cikinta ya ware, ya fara tara jama'a a gidansa daren Juma'a ba tare da sanin Fada ba. Bawan Allah muke kiransa. Yakan ce Fada yana da karatu amma ba shi da wuta. Wata maƙwabciya ce ta kai mu.

Ɗaki ne ciki da falo, an jera benci huɗu, kyandir na ci a kan teburi kusa da kwalaben man zaitun. Wajen ƙarfe ɗayan dare ya sa aka miƙa masa yaron. Ya ɗora masa hannu a ka, jikinsa ya ɗauki rawa, ya rufe ido ya ce yana ganin wata tsohuwa gajeruwa mai zane a kumatu, daga arewa ta zo, ita ce ta kama kurwar yaro. Mata suka ɗauki salati irin namu, suna kiran sunan Yesu. Ni kuwa gwiwata ta yi sanyi, don Inna, mahaifiyata, ya siffanta tsaf. Bai zo mini a rai ba a daren cewa wata guda kafin nan Inna ta zo Kaduna, ta yi Lahadi biyu tana zama a bencin gaba, kowa ya gan ta.

Ya ba mu dokoki. Kada mu ƙara cin abin da ya fito daga hannunta. Kada in ƙara aika mata ko kwabo. Zanen goyon da ta ba uwargida a ƙone shi. A kawo sadaka mai nauyi don a kwance yaro. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ranar da ka kai wa Fada wannan magana, kariyar da ke kan gidanka ta tashi."

Na bi. Keken ɗinkin uwargida, wanda shi kaɗai ke shigo mana da na cefane, muka sayar muka kai masa kuɗin. Zanen goyon ni na ƙona shi da hannuna a bayan gida, saƙi ne baƙi mai ratsin fari, da shi aka goye ni. Bayan sati uku Inna ta aiko direban motar garinmu da rabin buhun gero, da ƙullin daddawa, da kuka, da wani ɗan ƙaramin rosari mai shuɗin duwatsu na yaron. Na karɓa a tasha, na tafi da shi bola. Rosarin ne kawai hannuna ya kasa jefarwa, na tura shi aljihun wando. Wata biyar ban je gida ba, ban aika gaisuwa ba.

Yaro bai samu sauƙi ba. Duk lokacin da ciwon ya tashi sai Bawan Allah ya ce bangaskiyarmu ce ta yi rauni, a ƙara azumi, a ƙara sadaka. Ina zuwa Mes, wato babbar sujadarmu ta Katolika, ranar Lahadi amma na daina tashi karɓar Jikin Almasihu, don na san akwai abin da nake ɓoyewa, kuma ɗakin furta zunubi na daina bi ta kusa da shi. Barci ya ƙaurace mini. A ƙarshe ya ce saura mataki ɗaya: in je ƙauye, in tara dangi, in kira ta mayya a gaban kowa, in sa ta tsallaka yaron.

Garinmu yana ƙasar Malumfashi. A wancan lokaci muna ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato ne, zamanin Bishop Kevin Aje, tun ba a yanke Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta ba, wanda sai a 2023 aka yi, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa. Gidan farko da mutum zai tarar in ya sauka daga mota shi ne na Baba Katikis, mai koyar da addini a cocin garin, aminin marigayi mahaifina. A makarantar horar da katikis ta Malumfashi ya yi karatu, ya fara aiki tun zamanin fadan Dominikan da suka zo daga Amurka, kuma shi ya koya mini alamar gicciye. Na so in wuce ta bayan gida, sai ga shi a gindin darbejiya a kan tabarma, yana gyaran igiyar akuya.

"Kai ɗan aminina, haka ake wuce gidan uba?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ban yi niyyar faɗa ba, amma bakina ya kasa riƙewa, na kwashe komai na faɗa masa. Bai katse ni ba, hannunsa na kan igiya har na gama. Sai ya ce, "Mutumin nan ya ce ka je ka tambayi Fada?" Na ce a'a, Baba, hanawa ma ya yi. Ya ce, "To ɗana, in mai kaya ya hana ka haska fitila a kan kayansa, me kake tsammani yake sayar maka?"

Daga nan ya tuna mini labarin Sama'ila, yaron da Allah ya kira da dare har sau uku, shi kuma kowane lokaci ya tashi ya ruga wurin tsoho Eli. Baba ya ce in lura, kiran na Allah ne da gaske, amma yaron bai gane ba sai da tsohon da idonsa ya dushe ya nuna masa yadda zai amsa. Allah bai ji haushin an kai kiransa gaban dattijo an tantance ba. Ya ce manzo Yohanna ma ya gargaɗe mu kada mu gaskata kowane ruhu sai mun gwada. "Shekara arba'in ina wannan aiki," in ji shi, "na ga masu wahayi na gaskiya, mutane ne masu tsoron kansu, su ne ke fara gudu wurin Fada. Kuma ban taɓa jin Ruhu Mai Tsarki ya aiki ɗa ya tozarta uwarsa ba, alhali shi ya ce a girmama ta." Ya ɗaga kai ya dube ni. "An taɓa duba jinin yaron a asibiti?" Na ce ba a taɓa ba.

Na tarar da Inna tana sussuka a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ko kallona sosai ba ta yi. Ta ajiye taɓarya ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya, ta ce, "Yaya maigidana?" Jikan nata take nufi. Na kasa amsawa. Ta ce, tana duban ƙasa, "Magana ta iso nan tun kaka. Na kai ta gaban Uwa Maryamu na bar ta can. Ka ci abinci?" Na faɗi a gabanta ina kuka kamar yaron goye. A ranar ne ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba: ƙannena biyu da suka rasu ina ƙarami, su ma da kumburin yatsu suka fara. Amosanin jini, ta ce, haka tsofaffi ke kiransa.

Ranar Asabar na shiga ɗakin furta zunubi a Kaduna. Na ɗauka Fada zai yi mini faɗa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ba ni labarin Waliyyi Ignatius na Loyola, sojan da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521, ya yi jinya mai tsawo yana lura da tunanin da ke bar masa salama da wanda ke bar masa ƙunci. Ɗaya daga cikin ƙa'idodin da ya bari ita ce, in zuciya tana cikin duhu, mutum kada ya sauya hanyar da ya zaɓa lokacin da yake cikin haske. Wata kuma ita ce Shaiɗan yana son a rufa masa asiri, da zarar an fallasa shawararsa ga mai ja-gora na ƙwarai sai ƙarfinsa ya karye. Fada ya ce, "Ranar Litinin ka kai yaro asibiti, kai da matarka ku ma a duba ku. Yin haka ma dogara ga Allah ne."

Sakamako ya fito: yaro SS, ni AS, uwargida AS. Likita ya zana mana a takarda yadda kowane ciki yake da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila in iyaye biyu suna ɗauke da ita. Daga jikina da na matata ciwon ya fito. Aka ɗora shi a kan folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aka ce ya yawaita shan ruwa, a kiyaye shi daga sanyi. Ba a ce mana zai warke ba, kuma har yau yana fama, ko da yake yanzu ya fi ni tsawo.

Da Bawan Allah ya ji, sai ya aiko maƙwabciyar nan da saƙo: tunda na karya alkawari, cikin kwana arba'in zan binne yaron. Ƙarya nake in na ce ban ji tsoro ba. Na san abin da takardar asibiti ta ce, na san abin da Fada ya ce, amma duk dare sai in tashi in sa yatsa a hancinsa. Sau biyu na ɗauki takalmi zan koma in ba mutumin haƙuri, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa. A rana ta goma sha biyu na je na ɗauko Inna da kaina. Kowane dare mukan durƙusa mu uku a gefen katifarsa, ita ke ja da Hausarta ta ƙauye, "A gaishe ki Maryamu," mu muna amsawa, ɗan rosarin nan mai shuɗin duwatsu yana hannun yaron. A rana ta talatin da ɗaya zazzaɓi ya kama shi, muka kwana biyu a asibiti, aka sallame mu. Ina yi wa kalandar coci da ke bango alama da biro, rana bayan rana.

Safiyar kwana na arba'in da ɗaya na farka na tarar ba ya kan katifa. Na fito a guje. Yana tsakar gida a cinyar Inna, tana ba shi kunun gero da ludayi, yana ture hannunta wai shi zai sha da kansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda matan Zumunta suka haɗa kuɗi a kan maganar keken ɗinki, da ranar da na yi kiciɓis da Bawan Allah a ƙofar coci.