Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Littafin Jini

Assalamu alaikum jama'a, makon jiya na tsaya a inda aka shiga da Yaya ɗakin haihuwa. To ta sauka lafiya, namiji, muna ta buga waya ana barka sai ga nas ta fito a guje tace jini ya ɓalle mata, a nemo leda biyu yanzu yanzu. Wajen ƙarfe biyun dare ne fa. Ni da mijinta muka miƙa hannu aka gwada, babu wanda nasa ya yi, wai ita O negatib ce kuma mai wannan rukunin ba ya karɓar jinin kowa sai irin nasa, a ma'ajiyar jinin asibitin kuma babu ko leda ɗaya.

Ina zaune a baranda na haɗa kai da gwiwa wani dattijo mai gadi ya dafa ni yace "yaro tashi, kira wannan lambar." Lambar sakataren wata ƙungiyar 'yan sa kai masu ba da jini ce. Wallahi a da kallon masu son ɗaukar hoto nake musu, kuma har yau abin yana damuna.

Ko minti ashirin ba a yi ba sai ga shi a kan babur, rigar barci ce ma a jikinsa, ya zaro wani littafi mai baƙin bango da aka ɗaure da roba. Ya buɗe a ƙarƙashin fitila ina leƙawa, kowane layi da sunan mutum, rukunin jininsa, lambar waya, da ranar da ya ba da jini na ƙarshe, saboda ba a sake ɗiban mutum sai ya huta kamar wata uku. Yatsansa na bin layi yana cewa "ƙanena kwantar da hankalinka, muna da mutum huɗu." Uku suka ɗaga waya, ukun duk suka zo. Aka ce jinin ɗaya ya yi ƙasa, aka ɗebi biyu, kowa kusan rabin lita. Babu wanda ya san Yaya a cikinsu, ko sunanta basu tambaya ba. Na bi ɗaya da kuɗin mai, ya riƙe hannuna yace "haba, mayar aljihunka, in kana son biya kazo taro ranar Asabar."

Yaya ta farfaɗo da asuba.

Asabar ɗin naje. Mutum goma sha ne a kan benci, malamin makaranta, tela, direba, mata biyu ma'aikatan jinya, ana karɓar kuɗin wata ana rubutawa. Ni dai na raina yawansu kuma shugaban ya gani a fuskata, yace "ɗana, ƙungiyar taimakon jama'a ta Rotary da kake ji mutum huɗu ne suka fara ta a Chicago ta Amurka a 1905, Paul Harris da abokansa, suna zagaya ofisoshin juna suna taro." Yace su ne suka ɗauki yaƙi da shan inna a 1985, a 1988 cutar na nakasa yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125, gashi a 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ya kawo ƙungiyar Lions ma, da aka kafa a 1917, wadda Helen Keller, wata makauniya 'yar Amurka, ta roƙa a 1925 su tsaya wa makafi, har yau aikin ido suke yi.

Gaskiya abin da ya fi kama ni littafin nan ne. Mutanen kirki ai suna ko'ina, daren nan ma suna kwance a gidajensu, da ba a rubuta su ba ta yaya zan same su?

Aka gwada ni aka sa sunana a layi na ƙarshe. Wata biyu bayan nan sakatare zai yi tafiya ya damƙa min littafin, a daren farko wayata ta yi ƙara. Mu haɗu mako mai zuwa insha Allah.