Ashe watan haihuwa nake zaɓa, ba ƙafa ba

Shekara shida ina horar da yara ƙwallo, ina bugun ƙirji cewa idona ba ya kuskuren gane mai baiwa. Sai a wani kwas na masu horarwa aka kawo mana labarin Roger Barnsley, masanin halayyar ɗan'adam a Kanada. A tsakiyar shekarun 1980 ya lura cewa a cikin fitattun 'yan wasan hokin ƙanƙara, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, haihuwar Janairu, Fabrairu da Maris ne suka fi yawa, 'yan ƙarshen shekara kuwa sai ɗai-ɗai. Dalili? A can daga 1 ga Janairu ake raba yara rukuni-rukuni. Ɗan Janairu da ɗan Disamba rukuninsu ɗaya, alhali tsakaninsu kusan shekara guda. A jikin ɗan shekara tara, wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne: ga tsawo, ga ƙashi, ga gudu.

Da farko na ce wata al'ada ce ta mutanen Kanada. Amma a Ingila ranar rabon 1 ga Satumba ce, kuma 'yan Satumba zuwa Nuwamba ne suka fi cika makarantun ƙwallonsu. Beljiyam ta mayar da tata daga Agusta zuwa Janairu a 1997, rinjayen ya bi ranar ya koma.

Abin da ya dame ni shi ne yadda kuskuren ke rufa wa kansa asiri. Ka ɗauki babban yaro, ka ba shi atisaye da wasanni, bayan shekara uku ya fi ƙaramin iyawa da gaske, sai ka ce ai ka faɗa. Ƙaramin kuwa ya gaji da dumama benci, ya daina zuwa.

Da na dawo na buɗe rajistata. Ba ta taimaka sosai ba, don takardun haihuwa da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu, na cike gurbi kawai. Sai na bi iyaye mata, su ba sa mantawa: wannan da damina, wancan bayan Babbar Sallah. Yaron da na fi ajiyewa a benci, wanda nake cewa ba shi da jiki, shi ne autan tawagar.

Yanzu ranar gwaji ina jera su bisa girman jiki, ƙanana su kara da ƙanana, in zuba ido a kan yadda yaro ke tarbar ƙwallo da inda yake kallo kafin ta iso shi.