Jirgin safe daga Syokimau zuwa gidan tarihin jiragen ƙasa na Nairobi

Taro ne ya kai ni Kenya, na sauka wurin ɗan yayata da ke karatu a Nairobi, yana haya a Syokimau, can wajen gari kusa da filin jirgin sama na Jomo Kenyatta. Da aka tashi taron na ce masa ina son in ga gari, amma ba ta tagar tasi ba. Ya ce, "To Kawu, sai dai ka yi sammako, mu bi jirgin ma'aikata."

Tashar Syokimau, wadda aka buɗe a 2012, tana da tsabta da fili babba na ajiye motoci. Mutum zai tuƙo motarsa daga gida, ya ajiye ta, ya shiga jirgi, don gudun cunkoson titin Mombasa. Kuɗin tikiti bai taka kara ya karya ba, kuma kusan kowa da waya yake biya ta M-Pesa. Ga sanyin safiya mai shiga ƙashi, domin garin yana kan tudu, kowa ya sha rigar sanyi. Ba nisa da nan tashar sabon jirgin Madaraka take, wanda ya fara zirga-zirga zuwa Mombasa a 2017. Namu kuwa tsohon layin dogo yake bi, mai faɗin mita ɗaya, wanda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa.

Mun samu kujera, amma kafin mu bar tashar Imara Daima tarago ya cika maƙil. Wata mata ta tsaya a gabana da jakar abinci a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙarfe, idonta a rufe, tana ɗan gyangyaɗi a tsaye. Na miƙe na ba ta wuri, ta yi godiya da Suwahili, ta zauna ta ci gaba da barcinta. Jirgin ba ya sauri, kuma hakan ya yi mini daɗi. Bayan gari yake bi: bayan masana'antu, gidajen kwano da suka matso har gaɓar dogo, masu baza gwanjo, mata na soya mandazi, yara sanye da kayan makaranta suna ɗaga mana hannu. Wajen Makadara na hango motoci sun yi cirko-cirko, mu kuwa muna ta wucewa. Wanda ya shiga Nairobi ta babban titi benaye zai gani. Mutanen da ke share benayen da gadinsu, a jirgin nan suke.

Daga babbar tasha muka taka da ƙafa zuwa gidan tarihin, tafiya kaɗan ce a gefen layin dogo. An buɗe shi a 1971, zamanin da Kenya da Uganda da Tanzaniya suke da hukumar jiragen ƙasa guda. Zauren ciki ba shi da girma, amma a cike yake: tsofaffin hotuna, fitilun sigina, agogunan tasha, farantan da ake ba fasinjojin taragon manya abinci, har da wani keke da aka yi wa ƙafafu na musamman don mai duba dogo ya riƙa tuƙawa a kan layi. Akwai wani benci da ake ɗaurawa a goshin kan jirgi don manyan baƙi su sha kallon namun daji. A irinsa tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya zauna da ya zo farauta a 1909.

A gaban hotunan na fi daɗewa. An fara aikin dogon daga Mombasa a 1896, ya isa Kisumu a bakin Tafkin Biktoriya a 1901, fiye da kilomita 900. A 1899 aka iso wani fili mai fadama, injiniyoyi suka ga nan ne wuri na ƙarshe mai shimfiɗa kafin hawan tsaunuka, sai suka kafa sansani da rumbunan kaya. Sansanin nan shi ne Nairobi. Abin ya tsaya mini a rai, don mu da jirgi ya iso Kano a 1911 ya tarar da birni mai ganuwa da kasuwa da ɗaruruwan shekaru na sarauta. Nan kuwa dogon ne ya haifi garin.

Leburorin da aka kwaso daga Indiya sun kai kimanin 32,000, kusan 2,500 daga cikinsu a nan suka mutu, mafi yawa saboda zazzaɓi da atuni. Ga su nan a hotuna, da rawuna, ramammu, suna ɗauke da ƙarafan dogo a kafaɗa. Amma labarin da kowa ke tambaya shi ne na zakuna biyu na Tsavo da suka addabi sansanin masu gina gada a 1898, har Patterson, injiniyan da ke kula da aikin gadar, ya harbe su. Fatunsu suna wani gidan tarihi a Shikago.

A waje aka jera kawunan jirage da taragai cikin ciyawa. Mai yi mana jagora, wani dattijo, ya kai mu wani ƙaramin tarago na katako, ya ce mu shiga. A cikinsa ne zaki ya kashe Charles Ryall, shugaban 'yan sandan layin dogo, a tashar Kima a 1900. Ya kwana yana dakon zakin da bindiga, barci ya sace shi, zakin ya shigo ta ƙofa ya fita da shi ta taga. Na dubi ƙanƙantar tagar, na dubi gadon, tsigar jikina ta tashi. Allah Ya kyauta ƙarshenmu. Duk da haka zuciyata ta koma kan mutanen hotunan nan. An san sunan Ryall da ranar mutuwarsa da taragonsa, dubban leburori kuwa adadi kawai suka zama. Haka mutanen Nandi, da suka yi shekaru suna yaƙar masu ratsa ƙasarsu da dogo, har aka kashe jagoransu Koitalel Arap Samoei a 1905; nasu labarin ya cancanci a ji shi kamar yadda ake jin na zakuna.

Sannan sai ƙaton wurin, wani jan kan jirgi samfurin Garratt mai lamba 5930, an sa masa sunan dutsen Shengena. A Manchester aka ƙera irinsu a 1955, guda 34, kowane ya haura tan 250, tukunya a tsakiya, inji gaba inji baya, don ya iya shan kwana yana jan kaya daga bakin teku zuwa tudu. Na hau ɗakin direba, na kama ƙarfen da hannaye suka goge har ya yi santsi. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, irin wannan ne ya riƙa kwasar gyaɗar Kano?" Na ce ba shi ba ne, namu dogon ya ɗan fi wannan faɗi, amma aikin ɗaya ne, kwashe amfanin ƙasa zuwa bakin ruwa. Na gaya masa yadda aka riƙa tara talakawa ta hannun hakimai da dagatai don aikin dogon Baro zuwa Kano, da yawansu ba da son ransu ba. Ya ce bai taɓa ji ba, alhali a Zariya ya tashi, yana tsallaka layin kullum in za shi makaranta.

Azahar ta yi muna can, muka nufi Masallacin Jamia a tsakiyar gari, yana ta jero mini tambayoyi a hanya kan waɗanda suka fasa dutse tsakanin Minna da Kaduna.