Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hulɗa da Malaman Reno na Ƙetare

A makon jiya mun tsaya kan ajin 'yan shekara huɗu zuwa biyar, yaran da ke jin Hausa a gida, Larabci a Islamiyya, Turanci kuma a boko. Yau zan shimfiɗa yadda malamar irin wannan aji za ta ƙulla hulɗa da takwararta ta wata ƙasa har yara su amfana.

Da an ce ƙetare sai hankali ya tafi Ingila ko Amurka. Ni dai shawarata a fara da Maraɗi ko Damagaram. Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin a shigo da Faransanci. Matsalarsu irin tamu ce, yaren na biyu ne kawai ya bambanta, kuma agogonmu ɗaya. Malamar zango a Kumasi ma abokiyar shawara ce, don yaranta na jin Hausa a gida alhali Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ke ɗaukar nauyinsu a makarantu. Sai dai a tuna mun riga su da awa ɗaya.

Don ƙulla hulɗar, a buɗe rukunin WhatsApp, amma kada ya wuce malamai biyar ko shida. Idan ya yi yawa, gaisuwar Juma'a da sanarwar biki za su binne aikin. Kowane mako mutum ɗaya ta turo muryar darasinta, minti uku kacal, da hoton allo. Fuskar yaro ba ta shiga sai da yardar iyayensa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne sautin haruffa. Ɗauki harafin c. Yaro ya san shi a "ciki" da "cokali", sai ga Turanci ya ce wani lokaci k ne, wani lokaci s. Idan aka koya masa duka a mako guda, za ki ga ya ɗora yatsa kan kalmar ya yi shiru yana kallon bakinki. Ba daƙiƙi ba ne, dokoki biyu aka jibga masa a kan harafi ɗaya. Maganinsa a zaunar da sautin Hausa tukuna: wasula biyar, sannan baƙaƙe biyu a mako, sannan gaɓoɓi irin su ba, bi, bu. Yare na biyu ya shigo ta kunne, da waƙa da wasa na minti goma sha biyar kullum, ba alli ba littafi. Aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna harshen uwa ba ya hana iya Turanci.

Katin haruffa da aka turo daga Nijar kuwa, a duba shi kafin a manna a bango. Su suna rubuta ƴ inda muke rubuta 'y. Idan katin na Faransanci ne, sautin da muke rubutawa da u su da ou suke rubuta shi. Akwai kuma karin harshe: a Maraɗi za ki ji "hwara" inda Bakano ke cewa "fara". Kada a ce wa yaro wannan kuskure ne, a ce haka mutanen can ke faɗa.

Sai ɓ, ɗ da ƙ. A sanya madannin Hausa na Gboard a waya, domin in ƙugiya ta faɗi, "ƙafa" ta koma "kafa", yaro kuma abin da ya gani zai haddace.

Mako mai zuwa za mu shiga batun iyayen da ke cewa sai dai Turanci zalla.